Ina Makomar Bikin Silima Na Telluride?

Ran 27 ga watan Maris na 2025 ne shugabannin bikin nuna fina-finai na Sundance, wanda ya fi kowane biki girma a Amurka wajen fina-finan masu cin gashin kansu, suka ba da sanarwar cewa za su tashi daga garin Park City na Jihar Yuta, inda suka shafe fiye da shekara 40, su koma birnin Boulder na Jihar Kolorado tun daga 2027. Dalilin tashin kuwa bai ɓuya ga kowa ba. Garin ya yi wa bikin kaɗan, kuɗin masauki ya fi ƙarfin matasan da aka kafa bikin dominsu, ga shi kuma Gwamnatin Kolorado ta yi alkawarin rangwamen haraji na dala miliyan 34 cikin shekara 10 don ta jawo shi wajenta.

Wannan labari ya sa masu lura da al'amuran silima sun mai da ido kan wani biki na dabam da ya girmi Sundance, wanda kuma tun asali a Kolorado yake, watau bikin Telluride. Shi ma a ɗan ƙaramin gari ake yinsa cikin duwatsu, shi ma tsada ta dabaibaye shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, an ce ka shafa wa naka ruwa. Abin tambaya shi ne ko bikin da ya yi suna saboda ƙanƙantarsa zai iya ci gaba da zama ƙarami bayan duniya ta gano shi.

Telluride gari ne na masu haƙar azurfa da zinariya a da, yana cikin wani kwari da duwatsu suka kewaye ta gefe uku, a tudun da ya kai ƙafa 8,750 bisa teku, har baƙo yakan ji numfashinsa na sarƙewa a ranar farko. Mutanen garin ba su wuce 2,600 da 'yan kai ba a ƙidayar 2020. Daga Denver, babban birnin jihar, tafiyar wajen awa shida ce a mota. Lokacin da ma'adinai suka ja baya garin ya kusa zama kufai, sai aka buɗe wurin wasan zamiya a kan ƙanƙara cikin 1972, masu yawon shaƙatawa suka fara zuwa.

Cikin 1974 mutum huɗu suka haɗa kai suka kafa bikin. Akwai Bill Pence da matarsa Stella, masu sana'ar gidajen silima, waɗanda suka gyara wani tsohon gidan wasa na garin mai suna Sheridan da aka gina tun 1913. Akwai Tom Luddy na ma'ajiyar fina-finai ta Pacific da ke Berkeley a Kaliforniya, da kuma James Card, mai kula da tsofaffin fina-finai a gidan tarihi na George Eastman da ke Rochester. Ya kamata mai karatu ya lura da cewa biyu daga cikin huɗun nan ma'aikatan adana kayan tarihi ne. Daga nan halin bikin ya samo asali, domin mutanen da suka ƙare rayuwarsu cikin ɗakunan ajiya ba su ɗauki tsohon fim kamar jaridar jiya ba.

Ana yin bikin ne a ƙarshen makon hutun ma'aikata na Amurka, daga Jumma'a zuwa Litinin ta farko ta watan Satumba, kwana huɗu ke nan. Ba a gasa, ba alƙalai, ba a cewa wane ya zo na ɗaya. Abin da ake bayarwa shi ne lambar azurfa ta girmamawa ga mutum uku a yawancin shekaru. Har wa yau ba a bayyana jerin fina-finan da za a nuna sai ana jajibirin buɗewa, watau mutum yakan sayi katin shiga, ya biya kuɗin jirgi da na masauki watanni kafin lokacin, bai san abin da zai kalla ba. Wannan al'ada tana kama da wauta ga ɗan kasuwa, amma ita ce jarin bikin. Wanda ya zo, ya zo ne don ya amince da idon masu zaɓe, kuma kamfanonin fim ba su da damar cika gari da talla kafin jama'a su ga abin da idonsu. 'Yan jarida ma sayen kati suke yi, su bi layi kamar kowa.

Abin da ya fi bambanta bikin da sauran shi ne magana bayan kallo. Bisa al'ada wanda ya tsara sabon fim yakan zo da kansa, ya tsaya gaban jama'a ya gabatar da aikinsa, a wasu lokuta kuma ya amsa tambayoyi bayan an kunna fitilu. Da tsakar rana ana zaman muhawara a wani ɗan fili a tsakiyar gari, inda masu tsara fim da 'yan wasa kan jeru a kan kujeru, jama'a na zaune a kan ciyawa, kuma ba a biyan ko kwabo. Ana kuma yin wata hirar a ɗakin shari'a na kotun gundumar, wanda ba ya cin mutane da yawa. Da yake garin titi ɗaya ne babba, wanda aka yi wa tambaya da rana za a iya cin karo da shi a layin shiga wani fim da yamma. Zauruka na wucin gadi ne yawancinsu: ɗakin motsa jiki na makaranta, da zauren taro a wani ƙauye na bisa dutse wanda ake hawa da keken da ke rataye a igiyar ƙarfe, da filin wasan ƙanƙara da aka mayar gidan silima cikin 2013 aka sa masa sunan Werner Herzog, Bajamushen nan mai tsara fim wanda ya daɗe yana halartar bikin.

Muhawara kuwa tun ranar farko ta zo da zafinta. Mutum ukun da aka karrama a 1974 su ne Francis Ford Coppola, wanda ya tsara The Godfather, da Gloria Swanson, tauraruwar zamanin fina-finai marasa magana, da Leni Riefenstahl, Bajamushiyar da ta yi wa Hitler fim ɗin farfaganda kan taron jam'iyyar Nazi na Nuremberg na 1934, da wani kan wasannin Olamfik na Berlin na 1936. Ƙungiyoyin Yahudawa sun nuna rashin yardarsu ƙwarai. Hujjar masu bikin ita ce gwanintar hannunta suka duba, ba siyasarta ba. Cikin 1975 marubuciya Susan Sontag ta yi wani dogon sharhi kan littafin hotunan da Riefenstahl ta ɗauka na mutanen Nuba na Sudan, inda ta nuna cewa ba a iya raba wannan gwaninta da aƙidar da ta yi wa aiki, ta kuma ambaci karramawar ta Kolorado cikin alamun wanke matar da ake ƙoƙarin yi. Lalle hujjar Sontag ta fi nauyi. Nuna fim ɗin Riefenstahl don ɗalibai su ga yadda ake sarrafa hoto a yaudari al'umma abu ne mai amfani, amma rataya mata lamba wani abu ne dabam, kuma masu bikin sun haɗa biyun.

Sai batun tsofaffin fina-finai, wanda shi ne ginshiƙin da ba a cika ambata ba a labaran da jaridu ke bugawa. Tun daga farkon silima har zuwa farkon shekarun 1950, ana ɗaukar fim ne a kan wani zare da aka yi da sinadarin naitiret, dangin wanda ake haɗa abubuwan fashewa da shi. Yana kama wuta da sauri, in ya kama ruwa ba ya kashe shi, in kuma aka bar shi cikin zafi sai ya narke ya yi danƙo, daga baya ya zama gari. Gobarar da ta tashi a ma'ajiyar kamfanin Fox a Jihar New Jersey cikin 1937 ta cinye mafi yawan fina-finan da kamfanin ya yi a zamanin da ba magana. Abin da wuta ta bari kuma, sau da yawa kamfanoni da kansu suka zubar, ko suka narkar don su cire 'yar azurfar da ke jikin zaren, tun da a ganinsu fim marar magana ba shi da sauran kasuwa. Wani bincike da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya buga cikin 2013 ya nuna cewa daga cikin dogayen fina-finai marasa magana kusan 11,000 da aka yi a ƙasar tsakanin 1912 da 1929, kashi 70 cikin 100 sun ɓace ɗungum, kashi 14 kawai suka tsira cikakku a ainihin siffarsu. Wannan fa a ƙasar da ta fi kowace kuɗi da ɗakunan ajiya ke nan.

Daren da ya kafa sunan Telluride a wannan fage shi ne na 1979, sa'ad da aka nuna Napoleon, fim ɗin da Bafaranshe Abel Gance ya yi cikin 1927. 'Yan kasuwa sun daddatse fim ɗin tun yana sabo, guntayensa suka warwatsu a ƙasashe. Wani Baturen Ingila mai binciken tarihi, Kevin Brownlow, wanda ya fara cin karo da guntun fim ɗin tun yana ɗan makaranta, ya shafe shekaru yana bin ɗakunan ajiya yana harhaɗawa, har ya sami abin da ya kai wajen awa biyar. Aka kafa majigi a fili, da allo uku a jere saboda ƙarshen fim ɗin da Gance ya ɗauka da na'ura uku, jama'a suka zauna cikin sanyin duwatsu har tsakar dare ta wuce da nisa. Gance kansa, yana da shekara 89, yana kallo ta tagar masaukinsa. Coppola ya ɗauki nauyin kai fim ɗin babban zauren Radio City na New York cikin Janairu 1981, da makaɗa masu yawa suna bin hoton da kiɗa, jama'a suka yi cincirindo. Gance ya rasu cikin Nuwamba na wannan shekara, bayan ya ji labarin tafin da aka yi wa aikin da aka yi watsi da shi fiye da shekara 50. Filin da ake nuna fim kyauta da dare a Telluride sunansa yake ɗauke da shi.

Abin lura a nan shi ne gyaran fim rabin aiki ne. In an gyara an mayar cikin gwangwani an kulle, bai fi wanda ya ɓace da komai ba. Masu karatu da suka san Shaihu Umar, fim ɗin Hausa da Adamu Halilu ya tsara cikin 1976 daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Umaru Ladan ya fito a ciki, sun san wannan labari a gida. An daɗe ana ɗauka ya ɓace, sai cikin 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin Berlin cikin Fabrairu 2018. Biki ne ya mayar da shi gaban idon jama'a. Haka kuma gidauniyar da Martin Scorsese ya kafa cikin 1990 ta gyara Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty da wasu ayyukan Ousmane Sembène na Senegal, kuma ta hanyar bukukuwa irin wannan ne sababbin masu kallo suka san su. A Telluride kowace shekara ana gayyatar wani baƙo, marubuci ko mawaƙi ko mai tsara fim, a ba shi dama ya zaɓi 'yan tsofaffin fina-finai da yake ganin an manta da su, ya tsaya ya faɗa wa jama'a dalilinsa. Alfonso Cuarón na Meziko yana cikin waɗanda suka riƙe wannan matsayi a biki na 50 cikin 2023.

To, amma abin da ya sa manyan jaridu ke tura wakilai Telluride a yau ba Napoleon ba ne. Kyautar Oska ce. Cikin 2008 fim ɗin Slumdog Millionaire, wanda aka ɗauka a Mumbai da Anil Kapoor a ciki da kiɗan A. R. Rahman, ya kusa rasa gidan silima baki ɗaya, domin reshen kamfanin Warner da ke riƙe da shi an rufe shi, har ana maganar a sake shi a faifai kawai. A Telluride aka fara nuna shi ƙarshen Agusta, labari ya bazu, bayan wata shida ya kwashe Oska takwas. The King's Speech a 2010, Argo a 2012 da 12 Years a Slave a 2013, wanda Chiwetel Ejiofor, ɗan asalin Nijeriya haifaffen London, ya ja ragamarsa, duk a can jama'a suka fara ganinsu, duk kuma suka ci kyautar fim mafi kyau. Dalilin bai da wuyar ganewa. Masu jefa ƙuri'ar Oska da yawa suna zuwa, garin ƙarami ne, magana tana zagayawa cikin awa kaɗan, kuma yabon da ya fito daga wurin da ba a gasa ya fi kama da gaskiya a kunnen mai ji.

Wannan nasara ta jawo rigima da bikin Toronto na Kanada, wanda ake buɗewa 'yan kwanaki bayan an rufe Telluride. Toronto takan yi shelar cewa ita ce za ta fara nuna fim, sai a wayi gari an riga an nuna shi a Kolorado a ɓoye, an kuma rubuta sharhi a kansa. Cikin 2014 shugabanninta suka kafa doka cewa duk fim ɗin da aka riga aka nuna a wani wuri a Amurka ta Arewa ba zai sami gurbi a kwana huɗu na farko na bikinsu ba. Masu fim suka koka, aka sassauta dokar a shekarar da ta biyo. Ƙaramin gari mai mutum 2,600 ya sa babban birni ya canza tsarinsa, wannan kaɗai ya isa ya nuna nauyin da bikin ya yi.

Nauyin nan kuwa yana da farashi. A 2022 katin shiga na gama-gari dala 780 ne, na masu hannu da shuni, wanda ke ba mutum damar shiga kafin masu layi, dala 4,900. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na tarayyar Amurka, dala 7.25 a awa, sai ya yi aikin fiye da awa 107 kafin ya haɗa kuɗin katin gama-gari, bai ci ba bai sha ba, ba a kuma zo maganar masauki ba, wanda a wannan makon ya fi katin tsada nesa. Da yawa daga cikin masu shara da masu dafa abinci na garin ba su iya zama cikinsa, daga garuruwan da ke nesa suke zuwa aiki kullum. Abin da ya fi ban sha'awa, ko ban takaici, shi ne katin mai araha, na dala 390 a 2022, shi ne wanda ya fi karkata ga tsofaffin fina-finai da na ƙasashen waje. Kasuwa ta faɗi ra'ayinta ke nan a kan abin da aka kafa bikin dominsa.

Ga wanda ya damu da muhawara, wannan ita ce babbar matsala. Tattaunawa tana da daraja ne gwargwadon bambancin waɗanda ke zaune. In zaure ya cika da masu kamfani da wakilan 'yan wasa da attajiran da suka zo hutu, tambayoyin da za a yi na masu ladabi ne, kuma mai tsara fim zai koma gida da yabo ba tare da ya ji abin da ɗan makaranta ko direban mota zai ce ba. Ƙungiyar da ke gudanar da bikin ba ta neman riba, amma kuɗin mayar da filin ƙanƙara gidan silima na kwana huɗu daga aljihun masu hannu da shuni da kamfanoni masu tallafi yake fitowa, kuma kowa ya ci ladan kuturu an san abin da ke kansa.

Masu kare bikin suna da amsa, amsar kuma sunan mutum ce. Kowace shekara ana ɗaukar ɗaliban jami'a wajen 50 a ba su damar kallo da zama na musamman da manyan baƙi. Cikin 2002 wani ɗalibi baƙar fata daga Jami'ar Jihar Florida, Barry Jenkins, wanda ya tashi a unguwar talakawa a Miami, yana cikinsu. Ya dawo ya yi aikin ƙarfi cikin masu kafa zauruka, a hankali ya zama mai gabatar da fina-finai da zaɓen gajeru. Shi ne ya jagoranci tambaya da amsa bayan an nuna 12 Years a Slave a 2013, a nan ya haɗu da mutanen kamfanin da ya shirya fim ɗin, su ne kuma daga baya suka tsaya masa ya yi Moonlight da dala miliyan 1.5. An fara nuna shi a Telluride cikin Satumba 2016, ya ci kyautar fim mafi kyau a Fabrairu 2017. Labari ne mai daɗi, gaskiya ne kuma. Sai dai ƙofar da mutum 50 ke bi a shekara ba ta isa ta canza fuskar zauren da dubbai ke cikawa ba.

A halin da ake ciki kuma tsarar da ta kafa bikin tana ƙarewa. James Card ya rasu cikin 2000. Bill da Stella Pence sun sauka daga shugabanci a 2006, Bill ya rasu cikin Disamba 2022, Tom Luddy ya bi shi cikin Fabrairu 2023, watanni kaɗan kafin biki na 50. Julie Huntsinger, wadda ta yi shekaru tana aiki tare da Luddy, ita ta ci gaba da jan ragama. A 2020 annobar korona ta sa an soke bikin, aka nuna Nomadland na Chloé Zhao a wani fili kusa da Los Angeles, mutane na kallo daga cikin motocinsu, ba layi ba hira. Fim ɗin ya ci Oska duk da haka, abin da ya sa wasu suka tambaya ko hawan dutsen ma ya zama dole. Kamfanoni irin su Netflix, waɗanda bikin Cannes ya hana shiga gasarsa tun 2018 saboda ba su yarda da dokar Faransa ta nuna fim a gidan silima tukuna ba, Telluride ba ta rufe musu ƙofa ba. Sukan kawo fim a nuna a babban allo kwana biyu ko uku, sa'an nan yawancin duniya ta kalle shi a waya, kowa shi kaɗai.

Bambancin Telluride da Sundance shi ne Sundance kasuwa ce, inda ɗaruruwan masu saye da sayarwa ke taruwa fiye da mako guda, don haka girma ya zame mata dole, ƙaura kuma ta yiwu. Telluride ba ta da inda za ta koma, domin kwarin da ya hana ta faɗaɗa shi ne abin da take sayarwa. Hanyar da ta rage mata ita ce ta riƙe yawan katunan da take sayarwa, ta bar farashin masauki ya yi ta tace masu zuwa, ko kuma ta nemi kuɗin da za ta ƙara yawan ɗalibai da nunin kyauta. Biki na 52, wanda aka yi daga 29 ga Agusta zuwa 1 ga Satumba 2025, ya nuna ana ƙoƙarin riƙe igiyar ta kowane ɓangare. A can aka fara nuna Hamnet na Chloé Zhao, wanda nan take aka shiga yi masa lissafin Oska. A can kuma aka ba da lambar azurfa ga Jafar Panahi na Iran, mutumin da kotun ƙasarsa ta yanke wa hukuncin hana yin fim da fita waje na shekara 20 cikin 2010, ya ci gaba da ɗaukar fim a ɓoye, a cikin ɗakinsa da cikin motar haya, har ya ci babbar kyautar Cannes a watan Mayu na 2025.